Kafin Ka Zama Sarkin Noman Inabi

To Alhaji, ka ga hotunan gonakin inabi na Kudan, ta jihar Kaduna, zuciya ta ce kai ma sai ka mallaki taka. Madalla. Amma mayar da kuɗin aljihu tukuna, mu yi magana.

Dillali zai ce maka gonar nan kusa da titi take. Tambaye shi: da ƙafa ko da babur, kuma a wane wata? Hanyar da ta yi sumul a Janairu, a Agusta ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi ta. Je ka gani da damina, ka koma da rani. Inda ka tarar kwaɗi na taro, bar wa mai shinkafa, saiwar inabi ba ta son kwanciyar ruwa. Sai dai a ƙasarmu da rani yake nuna, bayan ruwa ya ɗauke, don haka ka san zurfin rijiyoyin maƙwabta kafin ka tambayi kuɗin eka. Mai haƙa burtsatse ba ya jiran girbi.

Sai babbar magana: gonar ta wa ce? In aka ce ta gado ce, nemo babbar tabarma. Mai sayarwar ɗaya ne cikin magada, kuma ba a rasa wata ƙanwa da ke aure a nesa wadda ba ta ji labari ba. Ba za ta zo ranar ciniki ba, sai ranar da inabi ya fara zaƙi, kuma gaskiya tana gefenta. Tara su duka, da mai unguwa da dagaci da maƙwabtan iyaka, a zaga, a kafa alama, kowa ya sa hannu. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar filin karkara, je ka karɓo taka. Ka kuma tambaya ko burtali ya ratsa wurin, don shanu ba sa karanta takarda.

Kada ka ƙarar da kuɗinka a kan ƙasa. Inabi sai an kafa masa ginshiƙai da waya ya hau, sai an yi masa aski a kan kari, kuma a shekarar farko kai za ka ciyar da shi. In ka kafa itace, gara ta gode. In inabin ya nuna, tsuntsaye sun riga ka sani.

Kafin ka biya ko sisi, je Hunkuyi ta Kudan ka yini a gonar wanda ya daɗe a harkar, sannan ka kai ƙasar gonar da za ka saya wurin masu binciken noma na Samaru a auna maka.