Kyanwar Kawu Ba Ta Amsa Gaisuwa

Duk ranar Juma'a dillalai ke cika kasuwar Wudil, a yi cinikin shanu, a loda su a tireloli a nufi Kudu. A irin wannan rana ce kawuna, tsohon malamin firamare, ya shiga kasuwar da niyyar taya ɗan rago, ya dawo gida da kwalin taliya ɗaure a bayan babur. Ragon ya fi ƙarfin aljihunsa. Abin da ke cikin kwalin kuwa kyauta aka ba shi: 'yar kyanwa mai ruwan toka, wadda aka haifa a bayan rumfar wani mai suyar kifi a bakin gada.

"Malam, ragon ke nan?" in ji Inna, matarsa.

Kawu ya zo da hujjojinsa a shirye. Ɓeraye sun huda buhun shinkafa, sun fara ɗanɗana takardunsa na fansho. Ga zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Ya kawo tarihin Abu Huraira da 'yar kyanwarsa, ya rufe da hadisin matar da ta kulle mage har ta mutu da yunwa. Inna ta ce ta ji, amma kada a kuskura abin nan ya taka mata ɗaki.

Da yake Kawu mutum ne mai son tsari, sai ya shirya wa baƙuwar tarba. Ya tara jikoki da yaran maƙwabta a tsakar gida, aka kewaye kwalin, kowa na "mus-mus", sannan ya buɗe. Kyanwar ta dubi taron sau ɗaya, ta gantsara baya, gashinta ya miƙe, ta yi huci, sai aka neme ta aka rasa.

An duba bayan randa, an leƙa akurki, an kwashe itacen girki. Kawu ya ce ko ɗaliban makarantar horar da 'yan sanda ta Wudil aka gayyato sai sun yi gumi. Da gaskiyarsa, domin ƙashin kafaɗar mage a sake yake cikin tsoka, shi ya sa take kurɗawa ta ramin da mutum zai rantse ba za ta shiga ba. Sai bayan isha'i aka ji kukanta, kuma ba a ko'ina ba sai ƙarƙashin gadon Inna, can bayan jeren kwanukan samira. Ni aka tura, wai ni ne siriri. Na fito da zane huɗu a bayan hannu da labari ɗaya: wannan ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yaƙushi.

Washegari Kawu ya sauya dabara, ya koma toshiyar baki. Ya sayo madarar shanu ya cika kwano ya tura ƙarƙashin gadon. Ta shanye cikin dare, ta kuma mayar da godiya a kan babbar rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a. Da ya ga zawon ya ƙi tsayawa, ya ɓallo farasitamol zai jiƙa mata. Allah Ya so da sauran kwananta, ɗan autansa da ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote ya shigo, ya karɓe ƙwayar, ya ce a fara ganin likitan dabbobi.

Likitan bai ɓoye dariyarsa ba. "Baba, ƙwaya ɗaya ta wannan maganin tana iya kashe ta, hantar mage ba ta iya sarrafa shi." Madarar shanu ma cikin yawancin maguna ba ya narkar da ita bayan yaye. Albasa da tafarnuwa kuma suna lalata musu jini, don haka a daina zuba mata ragowar miya. Batun tsoro fa? Ya ce tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa kyanwa ke koyon yarda da mutum. Wannan ta yi waɗannan makonnin a bayan rumfa, ba hannun da ya taɓa shafa ta, sai dai takalmin da aka jefe ta da shi. Za ta saba, amma sai an yi makonni ko ma watanni. A ba ta ɗaki guda, abinci a kan lokaci, a zauna a ƙasa kusa da ita, kada a kai hannu, kada a tsura mata ido, domin a wurin mage wannan neman faɗa ne. In an haɗa ido, a lumshe a hankali. Ɗan autan ya ƙara da cewa masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada wannan lumshe idon, a 2020 suka wallafa cewa maguna sun fi kusantar baƙon da ya yi musu shi.

To, Kawu in ya karɓi darasi, har da na gobe yake haɗawa. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma a ɗakin, ya kishingiɗa, ya fuskanci ƙarƙashin gado yana lumshe ido yana murmushi. A haka maƙwabciya ta shigo aron turmi ta hango shi. Ba ta ce uffan ba. Da magariba sai ga mijinta ya yi sallama, ya ja Kawu gefe cikin ladabi: "Malam, akwai wani mai ruƙiyya da na sani, kuma mutum ne mai riƙe sirri."

Duk wannan wahala, Inna ko kallon kyanwar ba ta yi. Tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno tana tsintar wake, in abin ya gifta ta ce "kule!" ba tare da ta ɗaga kai ba. Wato duk sharuɗɗan likita ita ke cika su, alhali ba ta ma ji su ba. Ran nan da hantsi, kyanwar ta fito, ta zagaye ƙafar Kawu da kifin da ke hannunsa, ta je ta naɗe a kan gefen zanen Inna ta hau barci. Inna ta fasa tashi, har ruwan tuwo ya ƙone a tukunya. A ganina ko a kotu Kawu zai ci wannan shari'a, sai dai babu inda ake ɗaukaka ƙara.

Da ta haura wata uku aka yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, Inna ce ta riƙe ta a cinya. Yanzu takan bar Kawu ya shafa ta, in da kifi. Ranar da ta fara yin ido huɗu da ɓera a ɗakin ajiya kuwa, saman kwaba ta haye, sai da aka ɗora kujera aka sauko da ita. Kawu ya sayo tarkon ƙarfe biyu, su ke aikin ɓerayen a halin yanzu.