Rabon Muƙamai a Gidan Alhaji

Alhaji ya ajiye kyanwoyi huɗu don ɓeraye, karnuka uku don ɓarayi. Kowa da ofishinsa.

Kyanwoyin a kan buhun masara suke kwana. Ɓeraye na ci ta ƙasa, su suna gadi ta sama. An samu zaman lafiya.

Karnukan kuwa ba wasa. Sun kori ɗan garuwa, sun tsare surukar Alhaji a zaure har ta fara salati. Daren da aka sace janareta ne kawai suka ɗauki hutu.

Babban muzuru ya gaje kujerar maigida. Alhaji ya koma tabarma, wai likita ne ya ba shi shawara.

Jiya kifin miya ya ɓata. An kafa kwamitin bincike, muzurun ne shugaba.