Gwanjon Sarauta: Zuwa ga Bawana Bakano

Bawana, labari ya iso Zariya wai ka rufe shago da rana tsaka ka zauna rubuta littafi a kan daular Rum, irin wanda mutum zai yi ta dariya alhali gawa na kwance a gabansa. Tun kafin a gaya mini sarkin da ka zaɓa na san shi. Rum ta yi mayaƙa, ta yi magina, ta yi mahaukata, amma Bakano ya tsallake su kaf ya rungumi Didiyus Juliyanus, wanda ya sayi sarauta a gwanjo. Hali zanen dutse.

Gaskiya ka iya zaɓen haja. A watan Maris na shekarar 193 dogaran fada suka kashe Sarki Fertinaks bayan kamar wata uku a kan karaga, sannan suka kasa kujerar. Surukin mamacin, Sulfisiyanus, yana cikin barikinsu ya taya sastarsi, wato kuɗin Rum, 20,000 ga kowane soja. Mutuminka yana bayan katanga ya ɗaga murya, ya ɗaga yatsu, ya kai 25,000. Aka sallama.

Abin da nake tsoro shi ne hannunka, don Bakano ba ya ganin kaya ya bar su ba ƙari. Na ji har ka ƙirƙiro wawan sarki mai faɗuwa daga kan jaki. Me za a yi da shi? Kasiyus Diyo, wanda yake ɗan majalisa a lokacin, ya rubuta cewa Juliyanus ya shiga fada ya tarar da abincin daren da aka shirya wa Fertinaks, ya raina shi, ya aika aka kawo mai tsada, ya ci, ya buga caca, gawar kuwa tana cikin gidan. Da safe 'yan majalisa suka zo gaisuwa, kowa ya gyara fuska kada a ga baƙin ciki. Ka rubuta wannan yadda yake, kai ma fuska a murtuke. Da zarar ka fara ƙyaƙyata wa mai karatu, ka kashe labarin.

Sai kuma giwaye. Da Saftimiyus Seferus ya taso da runduna daga Fanoniya, mutuminka ya sa a horar da giwayen wasa su tare shi, su kuwa suka riƙa watsar da mahayansu. Kwana 66 Juliyanus ya yi a kan karaga, soja ya kashe shi a fada yana tambayar laifin da ya aikata. Kada ka tausaya masa don ɗan kasuwa ne ɗan'uwanka ka sa ya tsere ta taga.

In littafin ya fito, aiko mini da shi har gida, kuma kada ka kawo zancen tayi. Ubangida ba ya sayen kayan bawansa.