Ludayi Ba Ya Ratsa Bango, Malam

Ka ce a gidanka kaya ba sa ɓata? To, tashi ka ƙirgo cokulan da ke cikin kwando. Dozin aka kawo su cikin kayan ɗaki, ni da kai mun sani. Nawa ka samu? Huɗu, ɗaya ma a lanƙwashe saboda an fasa gwangwanin madara da shi. Ina murfin babbar kula? Ina cajar da ka rantse a kan taga ka bar ta bayan isha'i? Kada ka harare ni. Daga Badariya zuwa Rafin Atiku a Birnin Kebbi, har ka bi titi ka sauka Argungu, da wuya gidan da ba a zaman wannan shari'a da safe. Uwargida ta riƙe ƙugu tana cewa, "Wa aɗ ɗauka?" Yara su zare ido. Maigida ya ƙara muryar rediyo.

Ka ce aljanu ne. Na san nan za ka fara. Ban ce babu su ba, Allah Ya tsare ni da jayayya da nassi. Girmansu nake karewa daga bakinka. Halittar da ake ba mu labarin ƙarfinta, ta ratso daji da fadama cikin dare, ta rasa abin ɗauka sai murfin kula? Ba kular ba, murfin kawai? Kuma wannan aljanin naka akwai sanin ya kamata: bai taɓa ɗauke takardar kuɗin wuta ba, bai taɓa kusantar littafin bashin mai shago ba. Ka ce to ɓera ne. Sabulu da daddawa na yarje maka. Amma ɓeran da ya ja muciya, ai sai a kai shi dambe.

Yanzu kuma ga sabon salo. Ka sayar da buhunan shanshera ka tura yaro jami'a, ko ta tarayya da ke Kalgo ko ta Aliero, ya dawo hutu, an tambaye shi ludayi, ya gyara tabarau ya ce, "Baba, ai wannan kwantam ne." Kai kuma ka washe baki, ka samu aljani mai digiri. To zauna, tunda da ilimi kake son kare kanka, da ilimin za a kama ka.

Abin ya faro a 1900, a Balin ta Jamus. Max Planck ya gano cewa abu mai zafi ba ya sakin ƙarfin haskensa a zube, sai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da iyakar ƙanƙantarsa. A 1905 Einstein ya nuna cewa hasken kansa haka yake tafiya. Kafin a fita daga shekarun 1920, an tabbatar cewa ilektiron, ɗan mitsitsin nan da ke cikin ƙwayar zarra, yana da halin igiyar ruwa. Daga nan duniyar ƙananan abubuwa ta fara ba masana mamakin da har yau ba su gama rufe baki ba.

Ka ce, "Yauwa! Ai an ce wani Heisenberg ya tabbatar ba a iya sanin inda abu yake." Ka ji shi, har da murna. E, a 1927 Werner Heisenberg ya kafa ƙa'idarsa, amma ba abin da ka haddace ba ne. Cewa ya yi ba za a ƙayyade wurin da abu yake da yanayin gudunsa ba, duka biyu, daram, a lokaci guda. Ka matse ɗaya, ɗayan ya baje. Kuma ba don ma'aunin ba shi da kyau ba. Je ka bakin Matan Fada da sassafe, kafin masunta su dama ruwan. In iska ta shimfiɗa igiyar ruwa jere-jere, za ka iya auna tazarar da ke tsakanin wannan tudu da wancan, amma in na ce ka nuna mini da yatsa inda igiyar take, sai ka share rabin kogi da hannu. In kuwa kifi ya yi tsalle ya faɗa, ga wurin nan ka nuna shi sarai, amma babu jerin da za ka auna. Ilektiron haka yake, don shi ma igiya ne.

Ka ce to ludayi ma haka yake. A'a, malam, nan aka yanka ta tashi. Girman wannan shakka yana rataye da wata lamba da ake kira lambar Planck, wadda in za ka rubuta ta sai ka sa ɗigo, ka jera sifili 33, sannan ka rubuta 66. Kuma ana raba ta da nauyin abin. Ilektiron ba shi da nauyin a zo a gani, shi ya sa abin ke kama shi sosai. Cokali mai giram 30 fa? Ko da ka san gudunsa har ba ka kuskure da milimita ɗaya a shekara, shakkar wurin da yake ba ta kai faɗin ƙwayar zarra guda ba, nesa ba kusa ba. Wato Heisenberg ya ba ka izinin ɓatar da cokalinka a cikin tazarar da ko ƙura ba ta iya kwana. Kai kuma kana nemansa tun daga madafa har zaure.

Ka ce ai ratsa bango ya yi. Wannan kam na ji daɗinta, don akwai ta da gaske. A dokar da muka saba, abin da ba shi da ƙarfin tsallake shinge sai ya dawo baya. A dokar kwantam, igiyar ba ta yankewa kwatsam a jikin shingen, tana shiga tana raguwa, in shingen siriri ne sai ɗan burbushinta ya leƙo ta ɗaya gefen, kuma jefi-jefi a tsinci ilektiron a can. George Gamow ya yi amfani da wannan a 1928 ya bayyana yadda wasu ƙwayoyi ke kuɓucewa daga cikin zarrar yuraniyam. Ranar nan da ke gasa Birnin Kebbi a watan Afrilu har ma'auni ya haura 40, da wannan ratse take ci, don ba don shi ba ƙwayoyin da ke tsakiyarta ba za su iya haɗewa su ba da zafi yadda suke yi ba. Katin memorin da ke wayarka, mai ɗauke da wa'azi da waƙoƙin da ba ka so a san kana ji, ta wannan hanya ake tura ilektiron ya ratsa wani siririn shinge a adana su. Kwantam na cikin gidanka, ban musa ba. Yana kan rufi cikin farantin sola, yana cikin farar fitilar caji. Aiki yake maka, ba sata ba.

Ka ce, "To ai an ba da kyautar Nobel a kan manyan abubuwa masu ratsewa." Kai, yaron nan naka yana karatu, Allah Ya yi masa albarka. Gaskiya ne, a 2025 an ba John Clarke da Michel Devoret da John Martinis kyautar saboda gwajin da suka yi a 1984 da 1985 a Kalifoniya. Amma tambaye shi me ya ratse. Ba ƙarfe ne ya fita daga akwati ba. Yanayin wutar da ke zagayawa cikin wata 'yar da'irar lantarki ne ya tsallaka daga wani hali zuwa wani, bayan an sanyaya ta kusan digiri 273 ƙasa da sifili, an killace ta daga kowace irin hayaniya. A gidanka randa ce mafi sanyi. Cokali guda kuwa yana da ƙwayoyin zarra wajen 3 da sifili 23 a bayanta, kuma sai dukansu sun ratsa bulo tare, ba wadda ta makara. Sararin samaniya ya yi shekara biliyan 13.8 da farawa. Ka zauna ka jira ninkin wannan sau iyakar ƙirgarka, ludayin na nan inda aka ajiye shi, sai dai tsatsa.

Kyanwar nan fa, ka ce? Wadda aka rufe a akwati, wai tana raye kuma tana mace har sai an buɗe? Ka ce haka cajarka take, tana nan kuma ba ta nan sai an duba? Erwin Schrödinger ya kawo wannan misali a 1935 don ya nuna rashin kan gadon ɗaukar dokar ƙananan abubuwa a ɗora wa manya. Gatse ya yi, ku kuka ɗauka fatawa ce. Kuma "dubawa" a wannan ilimi ba ta bukatar idon ɗan Adam. Iska ta taɓa abu, haske ya sauka a kansa, ƙura ta goge shi, duk an duba. A garin da hunturu ke shafe komai da hazo har girar mutum, cajarka ana duba ta sau biliyoyi kafin ka ƙifta ido. Tana wuri guda. Ƙanen matarka ya san wurin.

Sai maganar silifa, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ka fito daga Juma'a ka tarar da ƙafar dama ita kaɗai tana jiranka. Ka ce ai masana sun ce abubuwa biyu kan sarƙe, ko an raba su nesa, kana duba ɗaya ka san halin ɗaya. Ka ga ta dama, nan take ka san ta hagu ce ta tafi. Sannu, shehin malami! Wannan ko jaririn goye ya sani. John Bell, wanda ya fi kowa tona asirin wannan sarƙewa, ya yi rubutu a 1981 a kan safar abokin aikinsa Reinhold Bertlmann, mutumin da ba ya sa safa launi ɗaya. Ka ga ɗaya ruwan hoda, ka san ɗayar ba ruwan hoda ba ce, kuma babu abin al'ajabi a ciki, tun daga gida haka aka sa su. Abin mamakin ƙananan ƙwayoyi shi ne amsoshinsu na dacewa fiye da yadda kowane shiri na tun daga gida zai iya bayarwa, kuma gwaje-gwajen da suka tabbatar da haka ne suka ci Nobel ta 2022. Silifarka ba ta sarƙe da komai ba sai ƙafar wani mai sauri.

In da kaya na ɓacewa da kansu, da Argungu ta fara sani. Gidan tarihi na Kanta, wanda fadar sarki ce a da kafin a mai da shi ma'ajiyar tarihi a 1958, cike yake da masu da takubba da tambura da layu. Sun girmi kakanka, sun ga yaƙe-yaƙen Kabawa da Sakkwato, sun ga sulhun da ya kawo Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu garin a 1934 har bikin kamun kifi ya samo tushensa na yanzu. Ko mashi ɗaya bai ratsa bango ba. Me ya sa? Akwai mai gadi, akwai littafi. Hasali ma abin da Argungu ta taɓa gani akasin ɓata ne: a bikin 2008 wani kifi mai nauyin sama da kilo 60 ya ci gasa, daga baya aka ƙwace kambun bisa zargin cewa mushensa aka shigo da shi cikin kogi. Ba wanda ya kira Heisenberg. Masu duba kifi aka kira.

Ka ce wannan halinmu ne na baƙar fata? Kul! A 2004 wasu masu bincike a cibiyar Burnet da ke Melbon ta Ostireliya suka gaji da rashin cokalin shayi a ofis. Suka sa wa cokula 70 lamba a ɓoye, suka zuba su a ɗakunan shan shayi, suka zura ido wata biyar. Guda 56 suka yi ɓatan dabo, kashi 80 cikin ɗari ke nan, kuma na ɗakin da kowa ke shiga sun fi saurin tafiya. Mujallar likitoci ta Birtaniya ce ta buga sakamakon. Masana ne fa, masu farin kaya. In kai Bakatsine ne kuma kana shirin cewa sai a Kabi, haɗiye maganarka, mun san yadda buta ke ƙaura a garinku.

Namu hanyoyin ma a fili suke. Kwanon da aka kai wa maƙwabta tuwo da azumi ya dawo da murfin wani gida, naku kuma yana unguwa ta uku yana rufe miyar da ba ku sani ba. An yi suna, an ari cokula, an mayar da "abin da aka gani". Ɗan gwangwan ya ratsa lungu da kurarsa yana kira, yaro na son alawa, tsohon ludayi na da nauyi a sikeli. Sauran kuma suna gabanka, idonka ne ya ƙi. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun sa mutane ƙirga jifan ƙwallo a wani bidiyo, wata ta ratsa tsakiyar fili cikin shigar goggon biri har da bugun ƙirji, kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Goggon biri, malam. Kai kuma kana mamakin yadda ka wuce makullin babur sau uku yana kan tabarma, uwargida ta zo ta ɗauka da yatsa biyu ba ta ce maka uffan ba.

Ka ce duk wannan ya shafi yara da maƙwabta, kai ba ruwanka? Madalla. To ciro biron nan da ke leƙowa daga aljihun gabanka. Ka ce naka ne? Ina murfinsa? Mai shi ya riƙe ne lokacin da ya ara maka a layin banki, don ka tuna ka mayar.