Akwai Wuri, Ku Matsa

Gada uku ke kan Kogin Isa a Yamai: ta Kennedy tun 1970, ta Sinawa a 2011, sai ta Janar Seyni Kountché a 2021. Duk da haka kwale-kwale bai yi ritaya ba. Mai lambu a tsibiri, mai zuwa kasuwar Boubon ran Laraba, da ƴan shan iska na yammacin Lahadi, duk sai sun bi ta hannun mai jirgi. In aka yi haɗari akan zargi ruwa ko tsufan katako. Ni dai da za a tambaye ni, a fara duba waɗanda ke zaune a ciki.

Malam Akwai-Wuri ba jirginsa ba ne, ba a yi masa alkawarin ko dala ba, amma shi ke kiran fasinja. Jirgi ya nutsa har tsakanin bakinsa da ruwa bai fi yatsu huɗu ba, sai ya hango wani da buhunan shinkafa da babur da rago. "Taho, ɗan'uwa, akwai wuri! Hajiya, ɗan matsa mana." Lissafinsa na tashar mota ne. Mota in lodi ya yi mata yawa takan yi kuka, jirgi kuwa shiru yake yi ya fara shan ruwa.

Kusa da shi Alhaji ne, cikin shadda da ta sha bugu. A miƙa masa rigar ruwa, in ma an dace akwai ta, sai ya dube ta sama da ƙasa. "Ɗana, ajali ba ya duban riga." Gaskiya ne, Alhaji, amma babbar riga in ta jiƙe ita ke fara nannaɗe ƙafa da hannu. Daga ƙarshe yakan karɓa, ya shimfiɗa ya zauna a kai, don katakon da danshi.

Akwai kuma jikan Sarkawa. Laya a damtse, kuri a baki: "Mu ruwa ba ya cin mu." Tambaye shi ko ya iya iyo, sai ya tuna yana da kira a waya. Sarkawan gaske, waɗanda suka gaji kogin, su ne ba sa tashi in hadari ya haɗo da iska, su ne kuma ke kewaye inda dorina take da ɗanta.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne Mai Parmi. Ya yi karatu a Faransa, inda doka ta ce duk mai tuƙa jirgin shaƙatawa da injinsa ya wuce ƙarfin doki 6 sai ya ci jarrabawa ya karɓi lasisi. Ya ci, kuma babu wanda zai sauka daga jirgin nan bai sani ba. Tun kafin a kwance igiya ya fara yi wa matuƙi tambayoyi. "Baba, ina jar fitilarka ta hagu? Ina koriyar ta dama? Abin kashe gobara fa?" Baba ya laluba aljihu ya nuna masa tocila. Can da aka kai tsakiya, sai Baba ya buɗe tasa jarrabawar. "Yaro, jan ruwan Agusta daga ina yake zuwa?" Shiru. Daga Sirba da Dargol da Gorouol ne, masu kwaso laka daga ɓangaren Burkina. "Cikowar da ke zuwa cikin sanyin hunturu fa, alhali ko ɗigon ruwan sama babu?" Ruwan Gini ne, wanda ya ɓata watanni a fadamun Mali kafin ya iso. "Tudun yashin bara, bana ina ya koma?" Wannan kam ba a littafi take ba.

Sai dai kada a yi wa Mai Parmi dariya da yawa. Shi kaɗai ne ya ɗaure rigar ruwansa har maɗaurin ƙasa, kuma rabin tambayoyinsa suna kan hanya. Kogin da ya kai mita 7 a Satumbar 2020, ya fasa shinge ya shiga gidajen unguwar Lamorde, ba tocila ce za ta sa ya ji kunyar kowa ba.

Ƴar hoto kuma zama ba ya fito da ita da kyau, sai ta miƙe tsaye, ta juya tana neman inda gada za ta shigo bayanta. Ana cikin lallashinta wani zai yi ihu, "Ga dorina!" Nan take jirgi duka zai koma gefe guda don kallo, har da Alhaji. Hajiya ta saki salati ta damƙe wuyan maƙwabcinta, wanda shi ne kaɗai ya iya iyo. Yaron jirgi bai ko ɗaga kai ba, yana ta kwalfar ruwa da yankakkiyar jarka.

Mai Gaggawa bai ce uffan ba tun tashi, jakarsa a cinya. Saura taki biyu a kai gaɓa sai ya taka bakin jirgi ya yi tsalle. Jirgi ya ja baya, mutane suka yi tangaɗi, shi kuma ya lume cikin laka har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi ke nan. Baba ya dogara da gorarsa ya leƙo. "Sannu, Malam. Kuɗin jirgi fa?"