Giren Ɗari Uku

Tsire ne ya ja mini. Wata rana a ranin 1997, jihar Zamfara ba ta ko cika shekara da yankewa daga Sakkwato ba, na je Gusau bin sawun albashi, ban samu ba, sai na huce haushina a kan tsiren naira ashirin. Mai tsiren ya naɗe mini shi a wasu shafuka na tsohuwar mujallar Turawa. A motar komawa Kucheri, kafin mu wuce Dutsen Kwatarkwashi na gama da naman, na koma cin takardar da ido.

Hotunan bindigogin farauta ne a jiki, irin masu sakata. Ka ɗaga mariƙin, ka ja baya kwanso ya yi tsalle ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shige, ka kwantar da shi, kamar dai mai kulle ƙyaure. Wanda ya ga mak-fo a kafaɗar ɗan sanda ya ga danginsu. Uwarsu ita ce wadda Paul Mauser na Jamus ya fitar a 1898, mai cin harsashi biyar. Maƙeran Landan irin su Rigby sukan sayi ƙarfen daga Jamus, su sassaƙa masa gindi na icce mai sheƙi, su auna tsawon hannun mai saye kamar tela zai ɗinka masa babbar riga. Abin da ya fi tafiya da ni shi ne awon harsashi. Ashe kowane harsashi da nauyinsa, kuma da wani ma'auni ake faɗinsa wai shi giren. Na mak-fo giren 174 ne. Na wata da kamfanin Holland & Holland ya fitar a 1912, wadda ake tarar ɓauna da ita, giren 300. Akwai shafi na uku, amma mai da yaji sun cinye rubutunsa, hoton wani Bature kawai ya rage da haurun giwa jibge a gabansa.

A lokacin ina koyarwa a firamare, ina zaune a gidan wani tsohon maharbi da kowa ke ce wa Baba. Bindigarsa ta toka ce, harba-ka-ruga, irin wadda Turawa ke laƙaba wa sunan Denmak saboda 'yan kasuwar ƙasar da suka riƙa sayar da ita a gaɓar tekun Gana ta yau. Tasa dai ba ta taɓa ganin teku ba. Maƙerin gari ne ya yi ta da bututun sitiyarin tsohuwar mota, an ɗaɗɗaure ta da jan ƙarfe da layu har uku. Uwargida yake ce mata. Idan zabo ko fakara zai nema, ya zuba mata 'yan ƙananan boris na keke. Idan gada ce, 'yan guntayen dalma. Ba sikeli, ba takarda, da yatsu yake awo.

Da daddare na baje masa takardata a kan tabarma, na haska da aci-bal-bal, na yi masa lacca a kan giren. Ya saurara har ƙarshe yana tauna goro.

"Mallam," ya ce, "ba nauyi ka kisa ba. Wuri na. Ka matsa kusa, ka san inda za ka sa mata."

Na yi murmushi irin na wanda ya yi kwalejin horon malamai. Na ce a raina, tsoho ne, ilimin zamani bai iske shi ba.

Na buɗe ƙamus, ya ce mini ma'anar giren ƙwayar hatsi. Na yi hamdala, don in dai hatsi ne, ai a Kucheri muke. Abin da ƙamus ɗin bai faɗa mini ba shi ne, ƙwayar sha'ir Turawan da suke nufi, kuma sai an tara giren 7,000 ake samun laba ɗaya. Ni kuwa na zauna na yi shawara da kaina. Gero ya yi ƙanƙanta, ba zai yiwu Bature ya zauna ƙirga shi ba. Dawa abincin talaka ce. Hatsin da ya dace da mutumin da ake auna wa bindiga kamar riga, ai masara ce. Na ɗebo masara a rumbun Baba, na ƙirga ɗari uku cif, sau biyu don kada a yi kuskure a kimiyya. Na haɗa sikeli da murafun gwangwani biyu da zare da karan dawa, na auna dalma daidai nauyin masarar. Ƙwayar masara ɗaya ta kai giren huɗu zuwa biyar, amma wannan lissafin sai daga baya na yi shi, ina kwance.

Maƙeri ya dubi tulin dalmar da na kai masa, ya dube ni.

"Mallam, giwa ta shigo gari ba mu ji ba?"

Na ce masa ya yi aikinsa kawai. Ya zubo mini ita dunƙule guda, ta fi babban yatsana tsawo. Na jefa a aljihu, rigar ta karkace gefe ɗaya.

Ranar da Baba ya tafi ta'aziyya Tsafe na shiga ɗakinsa na ari Uwargida. Na ce aro, ko da yake mai ita bai sani ba. Na haɗa har da burtunsa, wato kan tsuntsun nan da maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe suna gyaɗa kai, namun daji su ɗauka burtu ne yake kiwo. Albarushi kuwa na ga tunda harsashi ya ƙaru, rashin adalci ne a bar shi yadda yake, na ƙara masa shi ma. A wancan zamanin mutum yakan shiga dajin nan shi kaɗai, abin tsoronsa bai wuce maciji da ƙaya ba. Yau ko da wasa ba wanda zai yi haka, Allah ya kawo mana sauƙi.

Ban yi nisa ba na hango zabi wajen goma suna tono a gindin wata ɗorawa. Na ɗaura burtu, na durƙusa. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa rarrafe da bindiga a hannu ɗaya, da tabarau a hanci, da kan tsuntsu yana rinjayar goshi, sana'a ce mai zaman kanta. Ƙarangiya ta kama wandona, tsidau ya shiga gwiwa, ga burtun yana ta zamowa yana rufe mini ido ɗaya. Zabin suka ɗago suka dube ni, suka ci gaba da tono. Na ji daɗi ƙwarai, na ce lallai na iya. Ko kaɗan ban tambayi kaina me ya sa zabin daji ba su tsorata da burtu mai tabarau ba.

Na ɗana kunama, na kafa gindin bindiga a kafaɗa, na yi saitin wani ƙato a tsakiya, na yi bisimilla, na ja.

Ƙarar ban ji ta ba, sai labarinta. An ce mata a cikin gari sun saki taɓare, jakin wani ya tsinke igiya. Abin da na sani shi ne, duniya ta yi fari, Uwargida ta ba ni wani naushi a kafaɗa, na ga tafin ƙafafuna a sama suna kallon rana. A kwaleji an koya mana dokar Newton, cewa duk abin da ka tura gaba shi ma zai turo ka baya daidai gwargwado, har na ci ta a jarrabawa. Ranar ce na fara haɗuwa da ita ido da ido, a cikin kurmin sarƙaƙiya, taku uku daga inda na durƙusa.

Hayaƙi ya washe. Zabi goma, ba ko gashi ɗaya a ƙasa, sun miƙe a guje sun nufi gari suna kuka, kai tsaye zuwa gidan tsohuwar da ke kiwonsu. Giren ɗari ukuna kuwa ya bi ta samansu da kamu wajen shida, ya sami wata amya da aka ɗora a reshen ɗorawar, ya raba ta biyu.

Na sha jin ana cewa harba-ka-ruga, ina ɗauka don ɗurin yana ɗaukar lokaci ne, kafin ka sake naman ya iso ka. Wataƙila haka ne ga wasu. Ni dai ƙudan zuma ne suka fassara mini sunan. Na ruga, takalmi ɗaya, hannun dama yana reto kamar ba nawa ba, burtu yana gyaɗa kai a goshina. Haka na ratsa ta gaban 'yan ajina suna ƙwallo a bakin gari. Yaran kirki, har suka tsaya suka ce, "Barka da yamma, Malam."

Kwana huɗu idona bai buɗe ba. Mai ɗori ya mayar da kafaɗa, na kira sunan mahaifiyata da ƙarfi a gaban jama'a. Shekaru bayan haka na gano ko wane ne Baturen shafi na uku. Walter Bell ne, ɗan Sikotlan da ake wa laƙabi da Karamojo, wanda ya kashe giwa fiye da dubu a Afirka, akasarinsu da 'yar ƙaramar Rigby mai harsashi giren 173. Ya yi ta fasa kawunan giwayen da ya kashe yana nazarin inda ƙwaƙwalwa take, sannan ya matsa kusa ya sa harsashin a wurin. Maganar Baba ke nan, ita ce kuma yajin mai tsire ya cinye.

Da Baba ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ɗauki Uwargida, ya shafa tsagewar da gindinta ya yi, ya daɗe yana ba ta haƙuri a hankali. Washegari ya hau ɗorawar da wuƙa ya ƙwaƙulo dalmata daga cikin reshe, ya kai wa maƙeri aka yayyanka ta, ya yi damina guda yana cin nama da ita.

Saura mai amya. Aka zauna a zaure, na ce zan biya kuɗi idan albashi ya zo. Kowa ya san albashin, aka yi dariya. Mai amya ya ce shi ba ya son rigima da malamin 'ya'yansa, Baba ya yanke abin da ya gani. Baba ya gyara zama, ya tofar da goro.

"Tunda Mallam da masara shika awo, a biya da masara. Buhu guda. Amma shi zauna shi ƙirga muna ita, mu san giren nawa ta."