Tsegumi: Alhaji Zai Sauya Motoci, Tashar Rogo Ta Ɗauki Ɗumi

Ku matso kusa, maganar yau ba ta lasifika ba ce. Kwanan nan in ka ga direbobi uku sun haɗa kai a teburin mai shayi a tashar Rogo, ka ƙaraso suka yi tsit, to ba zancen masarautar Karaye suke yi ba, ba kuma farashin masara ba. Zancen mota ne. Wai wani Alhaji mai motocin haya, wanda ba za mu kama sunansa ba don muna gaisawa da surukansa, ya ƙudiri aniyar sallamar tsofaffin motocinsa ya shigo da wasu. Ko ƙeyar mota ɗaya ba a gani ba tukuna, amma tasha ta riga ta rabu gida biyu.

Me ya tayar da Alhaji?

Masu cewa gasa yake yi da wani abokinsa na Gwarzo su ci gaba da faɗa. Wanda ke riƙe masa littafi ya raɗa mana cewa lissafi ne ya daina fita. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta tsallake 1,000. Dalar da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a 2024. Ita kuwa motar haya komai nata da dala ake sayo shi: taya, fulogi, baƙin mai, takalmin birki, har dutin da kwastan ke karɓa da farashin dala ake auna shi. Tsohuwar motar da a da ake yi wa haƙuri tana zuƙar mai tana hayaƙi, yanzu kowane sawu daga aljihun mai ita take ci. Wai cikin mako, kwana biyu tana gareji, ɗaya tana hanya, sauran kuma direba na zaune a inuwa yana jiran kaya daga Kano.

Homa ko Sharon?

Nan ne rigimar take. Ɓangaren farko, su ne manyan direbobi masu furfura a gemu, sun ce in ba Homa ba Alhaji kada ya ɓata kuɗinsa. Homa dai ita ce samfurin Toyota HiAce da ya fito a 2004, jikar hayis ɗin da kakanninmu suka sani. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa. Ƙasanta na da tsayi, ba ta jin tsoron rami kamar ƙananan motoci. Tana kwashe mutum 18 yadda ake jera kujerunta a nan, ga buhu a baya, ga kaya a sama. Abin da ya fi komai, in ta lalace da safe, yaro ya hau mota zuwa kasuwar Kofar Ruwa a Kano, kafin magariba ya dawo da abin da ake nema, sabo ko na gwanjo, kuma babu bakaniken da zai tsaya yana sosa ƙeya a gabanta.

Ɓangare na biyu, matasan direbobi, dariya suke yi. Suka ce Baba, wa zai cika maka kujera 18 a Rogo ranar da ba kasuwa? Kafin Homa ta cika, fasinjan farko ya ci ƙosai, ya yi barci, ya farka, ya yi faɗa da ɗan kamasho. Sharon kuwa, wato Volkswagen Sharan da aka fara ƙerawa a 1995 da kujera bakwai, kafin ka ce kwabo ta cika ta tashi, ko ta Karaye ta bi Gwarzo, ko ta Kiru ta faɗa Kwanar Dangora. Wanda ya yi sawu biyu da ƙaramar mota, in ji su, ya fi wanda ya yini yana kiran fasinja da babba. Dattawan suka ce to, a bari damina ta faɗi, a ga yadda motar da aka ƙera don titin Turai za ta yi da cikinta a ƙasa.

Tsegumi ya saurari kowa, kuma kowa na da rabin gaskiya. Wanda ya faɗi ragowar wani tsohon ɗan kamasho ne da ba a tambaye shi ba. Cewa ya yi motar Rogo ba mutane kaɗai take ɗauka ba. Ƙasa ce ta rake da masara da dawa da waken soya, tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kuma fasinjanta ba ya zuwa da jakar hannu. Da kaka buhu ke biyan kuɗin mota, da bazara mutum ke biya, shi ma da ƙyar. Mai motoci biyar da ya sayi iri ɗaya duka ya sauƙaƙa wa bakanikensa, amma ya ɗaure kansa da yanayi guda. Shawararsa: manya don ranakun kasuwa da doguwar hanya, ƙanana don zirga-zirgar kullum, amma kada irin ya wuce biyu, kuma kowanne ya zama wanda kayansa ke Kofar Ruwa.

Dillalai sun ji ƙamshi

Labari bai kwana ba sai ga dillalai a zauren Alhaji, kowa da hotuna a waya. Kowace mota wai wata tsohuwa ce a Beljiyam take zuwa coci da ita ranar Lahadi kawai. Ɗaya ya rantse tasa jiya ta sauka daga jirgi a Legas. Wani ya rage murya ya ce tasa ta Kwatano ce, akwai sauƙi. Bai dai ƙara da cewa tun ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa ba, kuma motar da dutinta ke da tangarɗa ba ta sanin ranar da za ta kwana a hannun kwastan da fasinja tsaye a bakin titi.

Sirrin da dillali ba ya so ka sani shi ne, da yawa daga bas ɗin da ake tallatawa ba don mutane aka ƙera su ba. Motocin dakon kaya ne marasa taga. A nan ake yanka musu taga, a kai su wurin mai walda ya dasa kujeru, a matse layi don a samu wurin ƙarin mutum uku. Wasu kuma daga ƙasashen da sitiyari ke dama suka zo, irin su Japan, aka juya shi hagu, tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. In gwani ne ya yi juyin, da sauƙi. In ɗan koyo ne, sai ranar da aka taka birki da ƙarfi za a sani.

Shi ya sa Alhaji ya aika a ɗauko masa tsohon bakanikensa, mutumin da dillalai ba sa son ganin hularsa. Ba ya duba mota da rana. Da asuba yake zuwa, abu na farko ya ɗora tafin hannu a kan inji. In ya ji ɗumi sai ya ce wa dillali, “Malam, an riga ni tashi,” ya juya ya tafi, don injin da aka ɗumama kafin mai saye ya zo akwai abin da ake ɓoyewa. In ya ji sanyi sai ya sa a tayar, ya kara farin ƙyalle a bakin salansa ya duba abin da ya fito. Ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa ko akwai kumfa mai kama da madara, alamar ruwa na haɗuwa da mai. Ya ɗaga ledar ƙasa ya bi ƙafafun kujeru da yatsa yana neman sabuwar walda. Ya fito da ɗan maganaɗisu daga aljihu yana bin bodi da shi. Inda ya ƙi kamawa, ciko ne aka shafe da fenti. Mitar tafiya ko kallonta ba ya yi, ya ce wannan kowa na iya mayar da ita baya. Robar feda da santsin sitiyari su ne ba sa ƙarya. Daga ƙarshe ya tsuguna gaban taya ya karanta lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana jan kunne cewa taya ta shekara huɗu ta gama aiki, ko da zanenta na sheƙi.

An ce cikin motocin da aka nuna masa, wadda ta fi kowace ƙyalli ita ya fara kora. Araha ba ta ado, amma a kasuwar mota ado ma ba ya nufin lafiya.

Inda gizo ke saƙa

Yanzu ga abin da ya sa direbobi ke rage murya. Ba irin motar ce ta dame su ba, balas ne, wato kuɗin da direba ke kai wa mai mota. Sun san in Alhaji ya zuba miliyoyi a sabuwa, daga wuyansu zai cire. Wani cikinsu ya ce mana, in aka ɗora maka balas ɗin da hanya ba za ta iya bayarwa ba, hanya uku gare ka: ka ƙara lodi, ka ƙara gudu, ko ka ɗage ranar sabis. Uku ɗin kuma motar suke kashewa. Golf ɗin da aka ƙera don mutum biyar har da direba, ka gan ta da biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokaci da yara a but. Na'urar taƙaita gudu da aka fara tilasta wa motocin haya a 2017, ku tambayi direbobi inda take, mu ba mu ce komai ba.

Su ma masu motoci ba a bar su a baya ba wajen ƙorafi. Wai direban da ba tasa ba ce ba ya tausayin giya, kuma kullum da labarin da zai kawo da yamma. Shi ya sa wasu suka koma ba direba mota ya riƙa biya har ta zama tasa. Ana ganin bambanci kuwa: mutumin da ke ratsa rami a guje jiya, yau shi ke sauka ya zagaya ya duba zurfinsa.

Amma babban laifin, kuma wannan hukuncin Tsegumi ne, na masu motocin ne. Da yawansu balas na shigowa ake cinye shi, a yi biki, a ƙara aure, a tafi Umara, ba a ware ko sisi da sunan motar da za ta gaji wannan ba. Motar haya tun ranar da ta ɗauki fasinjan farko ta fara tsufa. Wanda bai buɗe mata asusun magajiya a ranar ba, in ta durƙushe sai ya sayar da gona ko ya ci bashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu iskar gas da masu almakashi

Wani ɗan boko a gidan Alhaji ya kawo shawarar a mayar da motocin masu amfani da iskar gas, tunda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin a 2023 kuma ta fi fetur sauƙi. Maganarsa na kan hanya, sai dai direbobi sun yi masa tambaya biyu. Tukunyar a ina za ta zauna, in ba wurin buhu ba? Kuma in ta ƙare a Zarewa, a ina za a ɗura? Wuraren ɗurin ba su da yawa, a manyan birane suke. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, shi kowa ke sa wa ido. Har wurin ɗuri ya matso yammacin Kano, gas na mai layin birni ne.

Masu jiran motar gwamnati kuma, a yi haƙuri. Tsohuwar al'ada ce: mai na tashi, bas na fitowa. Babangida ya kawo shirinsa na sufurin jama'a a 1988. Jonathan ya yi alƙawarin bas 1,600 lokacin zanga-zangar Janairun 2012. Ganduje ya ƙaddamar da bas ɗin Kanawa a 2022 don cikin birni. Ranar saye akwai almakashi da kyamara. Ranar sauya baƙin mai babu wanda ake gayyata, kuma ita ce ranar da ke yanke wa mota tsawon rai.

Ina tsofaffin za su?

Wannan ne bai kamata a yi shi da raɗa ba. Motar haya a Arewa ba ta ritaya, gangarowa take yi. Ta gama layin Kano zuwa Abuja, a sayar da ita ta koma Kano zuwa Rogo. Ta gaji da wannan, ta koma shiga Beli da Fulatan da Ruwan Bago ranar kasuwa, ƙofa ɗaure da igiya, ana tura ta kafin ta tashi. An ce tuni masu saye sun fara layi a kan tsofaffin na Alhaji. Ma'ana wanda ya fi kowa talauci, a hanyar da ta fi kowace lalacewa, nesa da asibiti, shi ke hawa motar da ta fi kowace gajiya, har da mai naƙuda da tsakar dare.

Don haka kira muke yi. Masu motoci, wadda ƙashin bayanta ya karye ko birkinta ya daina jin magana, a kai ta wurin masu yanka a sayar da ƙarfe, kada a shafa mata fenti a miƙa wa ɗan ƙauye. Shugabannin tasha, ku da kuka san ciwon kowace mota fiye da mai ita, ku hana wadda ba ta da lafiya shiga layi ko ta waye. Kai kuma fasinja, kuɗinka ne, ranka ne: kafin ka zauna ka dubi taya, in ba ta kwanta maka ba ka jira ta gaba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.